Tsakanin "Laifi Tudu Ne" da "Gyara Kayanka"

Tambaya: Malam, ni likita ne mai koyon karanta hoton asibiti, na ƙirji da na ƙashi da sikanin. A wurin da nake karatu akwai manhajar da ke zaɓo rahoton wani likita, ta cire sunansa, ta ba wani ya sake dubawa. Abokina ya ce wannan ai "laifi tudu ne", kuma ɓoye suna gulma ce. Wane karin magana ya fi dacewa?

Amsa: Likita, Allah ya ba da sa'a. Cikon maganar da abokinka ya kawo shi ne "laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani". Wanda ya hau tudu ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, sai na nesa. Ana jefa wa mai zargin wasu wannan magana idan shi bai yarda a duba nasa ba. A manhajarku kuwa kowa mai dubawa ne, kowa abin dubawa ne. Saboda haka maganar ba ta zauna ba.

Wadda ta zauna ita ce "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba". Ka ɗauki matafiyi da kaya a ka, ɗaurin ya karkace, shi bai gani ba, sai na bayansa ya ce masa ya gyara. Mai mugun zato zai ɗauka ana son rabo ne a kayansa, alhali na baya ya hango abin da mai ɗauke da kayan ba zai iya gani ba. Aikinku ya fi kowane aiki buƙatar wannan. Tun 1949 likitan Amurka Henry Garland ya nuna cewa ƙwararru kan tsallake kusan kashi 30 cikin 100 na hotunan ƙirji masu alamar cuta. Ido ne, kuma ido na gajiya.

Batun gulma ne na fi so mu tsaya a kai. Gulma magana ce a bayan mutum wadda ba a so ta kai kunnensa, ba kuma gyara ake nema da ita ba. A nan kuwa maganar wurin mai ita za ta je, suna kawai aka cire. Abin da cire sunan ke kawarwa shi ne kara. Kara hali ne mai kyau a wurin Bahaushe: ka ga kuskuren babba ka kau da kai, ka danne haƙƙinka don alkunya. To amma haƙƙin da ake dannewa a ɗakin hoto ba na likita ba ne, na majiyyaci ne da ƙari ke tsiro a huhunsa. Ba a yin kara da kayan wani.

Turawa ma sun sha wannan. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, ta fito da tsarin RADPEER a 2002, inda likita ke ba rahoton abokin aikinsa maki. Da farko matakai 4 ne, a 2016 aka mayar da su 3: na yarda da kai, ka tsallake abin da yake da wuyar gani, ka tsallake abin da ya kamata a gani. An yi ta ƙorafin cewa mai dubawa yakan san aikin waye a gabansa, sai ya ba da maki na farko don a zauna lafiya. Wannan shi Hausawa ke kira aikin ganin ido. A Birtaniya kuma, Kwalejin likitocin hoto ta ba da shawarar a riƙa tattauna irin waɗannan kurakurai a taro ba tare da ambaton suna ba, don a koya maimakon a kunyata.

Sharaɗi ɗaya nake ganin dole ka faɗa wa abokinka, domin a nan yana da gaskiya. Idan shugabannin asibiti suka mayar da makin abin auna ƙarin girma ko kora, "gyara kayanka" ta koma "sauke mu raba" da gaske, kuma likitoci za su koma rufa wa juna asiri ko da manhajar ta ɓoye sunayensu.