Tambaya da amsa: "We won them" daidai ne ko kuskure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, bara na rubuta WAEC Turanci ya kayar da ni, bana zan sake zama kuma wallahi tsoro nake ji dan babanmu ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai biya min. A lesin ɗin da nake zuwa na yi rubutu kan gasar wasannin makarantarmu na sa "our house won them in the relay", malamin ya ba ni maki amma yayana da ya gani ya ce kuskure ne. Da na koma na tambayi malamin sai ya ce ai win ci ne, duk inda Bahaushe zai ce ci a wasa ko jarrabawa to win za a sa, har ya ce mana asalin kalmar gajarta ce ta "What's Important Now". Dan Allah wa zan bi, kuma daga ina kalmar ta fito?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya rikita ki ƙarami ne kuma yau za ki fita daga cikinsa in sha Allahu. Yayanki ne da gaskiya. Malaminki ya yi kuskure har guda biyu, ɗaya na ban dariya ne ɗaya kuma shi ne ke cinye wa yara maki kowace shekara.

Bari in fara da na ban dariyar dan mu wuce shi. Win ba gajartar komai ba ce. Wancan "What's Important Now" wani kocin ƙwallon Amurka ne mai suna Lou Holtz ya yayata shi yana zaburar da 'yan wasansa, wato ya ɗauki kalmar da ya tarar ya liƙa wa kowane harafi magana, alhali ita kalmar ta girme shi da fiye da shekara 1000. Kalmomin Turanci da aka ƙera daga haruffan farko kusan duk 'yan ƙarni na 20 ne, irin su radar da laser. Dan haka duk wanda ya ce miki tsohuwar kalma gajarta ce, kamar masu cewa news wai North East West South ne, ki gaishe shi ki wuce.

Asalinta daga tsohon Turanci ne, yaren Anglo-Saxon da suka ƙetaro Birtaniya daga arewacin Jamus da Denmark tun ƙarni na 5. A bakinsu winnan ake cewa, kuma ma'anarta ta farko ba nasara ba ce sam, wahala ce, fafutuka, aikin ƙarfi, faɗa. Suna da 'yar uwarta gewinnan, ita kuma tana nufin ka samu abu bayan ka sha wannan wahalar. A hankali ma'anar samun ta danne ta wahalar. Dangin kalmar suna nan da ransu, Jamusawa na cewa gewinnen, mutanen Holan winnen, a Sweden vinna, a Iceland kuwa har gobe vinna na nufin aiki kuma na nufin cin nasara, kalma ɗaya. A Turancin ma tsohuwar ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba, ita ce a cikin breadwinner, mai nemo wa gida abinci, ai ba a gasa ya ciwo burodin ba, guminsa ne. Masu haƙar ma'adinai a Ingila ma kan ce "win coal", wato fito da kwal daga ƙasa. Victory kuwa baƙuwa ce, daga Latin victoria ta biyo ta Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya sa take da nauyi da kamun kai, ta yaƙi ce da jawabin 'yan siyasa da kanun jarida, ita kuwa win ta bakin kowa ce.

To ki riƙe wannan ma'anar ta samu, dan nan ne gizo ke saƙa. Abin da ke biyo bayan win shi ne abin da kika SAMU ko fagen da kika yi nasara a cikinsa, kofi, lambar yabo, gasa, wasa, zaɓe, yaƙi, shari'a a kotu, kwangila. Wanda kika kayar kuwa ba ya zama a wannan gurbin, nasa fi'ilin daban ne, beat ko defeat. A 2013 Najeriya ta ɗauki kofin Afirka bayan ta doke Burkina Faso da ci 1-0, Sunday Mba ne ya zura ƙwallon. A Turanci sai ki ce "Nigeria won the cup", "Nigeria won the final", amma "Nigeria beat Burkina Faso". In kika rubuta "Nigeria won Burkina Faso" to abin da Bature zai ji shi ne an sa ƙasar Burkina Faso a matsayin kyauta Najeriya ta ciwo ta ta taho da ita gida. Haka ƙwallon ƙafa a gasar Olympics ta Atlanta 1996, "we beat Brazil, we beat Argentina, we won the gold". Jimlarki ke nan sai ta zama "our house won the relay" ko "our house beat them in the relay". In kin nace sai kin haɗa win da abokin karawa to sai da against a tsakani, "we won against them", in kuma a matsayin suna (noun) kike amfani da win sai ki ce "a win over them".

Za ki ga inda mutum ya biyo bayan win, kar ya ruɗe ki. "He won her heart", "she won the customers over", "the party won new supporters", duk nan ba kayar da kowa aka yi ba, samo su aka yi, an jawo su sun dawo ɓangarenka. Kin ga dokar ba ta karye ba ma, ƙara tabbata ta yi.

Yanzu ga abin da ke ɓata min rai, maganar nan ta "duk inda aka ce ci to win ne". Kullum sai na ci karo da ita, a takardun ɗalibai, a wasiƙun neman aiki, har a bakin masu digiri, kuma in ka bi sawu sai ka tarar daga irin waɗannan lesin ɗin ta fito ko daga masu koyar da Turanci a TikTok da Facebook da ke jera kalmar Hausa da ta Turanci gefe da gefe kamar lissafin sau, mutum ya hardace jeri ya buɗe aji yana karɓar kuɗin iyayen yara. Haba jama'a. Ci fa a Hausa kogi ne. Mun ci wasa, win ne, ba gardama. Mun ci su, beat ne. Ya ci jarrabawa, pass ne, kuma na sha ganin "I won my exam" a rubuce da kyakkyawan rubutun hannu abin tausayi. Ya ci ƙwallo, score ne. An ci gari da yaƙi, conquer ne ko capture. Ya ci riba, "made a profit". An ci shi tara, "he was fined". Ya ci bashi, ya ci amana, ya ci mutunci, ya ci gado, ya ci sarauta, dan Allah malaminki ya gaya min a wanne zai sa win. A Hausa "mun ci su" daidai take ɗari bisa ɗari dan namu fi'ilin yana ɗaukar kofin yana kuma ɗaukar abokin karawar, na Turancin ne ba ya ɗauka, kuma ba laifin kowa ba ne, kowane yare da inda ya ja layinsa. Sai kuma Pidgin ya zo ya ƙara wa abin ƙarfi tunda a can "we win dem" magana ce lafiyayya, kunnen yaro ya saba da ita a gidan kallon ƙwallo har ya daina jin ta a matsayin kuskure. Ni ban raina Pidgin ba, yare ne mai ƙa'idarsa, amma ba shi ake jarrabawa a kai ba.

'Yan uwanmu na Nijar su kuma nasu ramin daban ne, Faransanci gagner ta haɗa cin gasa da samun albashi, sai ka ji ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke koyon Turanci ya ce "I win fifty thousand a month". Albashi earn ne. Kuɗin da ake win na caca ne ko na gasa ko na ƙuri'a, dan haka wanda ya faɗi haka a gaban masu ɗaukar aiki ya gabatar da kansa a matsayin ɗan caca bai sani ba.

Kuma kar wani ya ce miki ai ƙaramin abu ne za a gane me kike nufi. Eh za a gane, amma mai makin WAEC ba ganewa kawai yake nema ba. Insha'in nan kashi huɗu ake duba shi, abin da kika faɗa, tsarinsa, yadda kika sarrafa yaren, da tsabtar nahawu da rubutu, kuma sarrafa yaren ne ya fi kowanne nauyi. Ɗalibin da aka koya wa fassara kalma da kalma ba a win kaɗai zai faɗi ba, zai faɗi a borrow da lend, a hear da feel da smell dan duk ji ne a wajenmu, a drink medicine maimakon take, sai kurakuran su taru su ja shi daga C6 zuwa D7 yana ta mamakin me ya faru. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne malamin ya ba ki maki a kan jimlar, wato ya sa miki hannu a kan kuskure, gara wanda bai koyar ba da wanda ya koyar da karkatacce ya kuma tabbatar wa yaro cewa daidai ne. Masu buɗe lesin ku ji tsoron Allah, kuɗin nan wasu iyayen sai sun sayar da akuya ko buhun masara suke haɗa shi, in ba ka da tabbas a kan kalma ƙamus na nan kyauta a wayarka, Oxford da Cambridge da Longman duk suna intanet, dubawa ba ta rage wa malami daraja.

Sauran ƙananan abubuwa biyu tunda akwai takardar furuci. Shuɗaɗɗen win shi ne won, babu wani winned, kuma ana furta shi daidai da one, wato wan, yana tafiya da son da sun da done, ba ya tafiya da on ko gone, masu saita jarrabawa suna son wannan tambayar sosai. Kishiyarsa lose ce da o ɗaya, loose mai o biyu sako-sako take nufi, sannan "we lost the match" amma "we lost to them".

Daga yau in kin duba kalma a ƙamus kar ki tsaya a ma'anar, ki sauka ki karanta jimlolin misalin da ke ƙasa ki ga wace irin kalma ce ke biyo bayanta, ki kwafe biyu ko uku a littafinki ki ƙirƙiri naki a kansu ki kai wa yayanki ya duba. Lesin ɗin kuma ba zan ce ki bari ba tunda an riga an biya, amma duk dokar da aka ba ki wadda ta fara da "duk inda Bahaushe ya ce" ki tabbatar da ita kafin ta shiga takardarki. Allah ya ba da sa'a, ki gaida yayan naki.