Ƙofar gidan gado: an biya kafin a auna

Wani mai sayar da shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya: "Ina gyaran gidanmu na gado a Yakasai don in zuba 'yan haya. Na ba ɗan yayana naira 450,000 ya sayo ƙofar waje 'yar Turkiyya. Da aka kawo, birkila ya ce ta fi bakin soron tsawo, kuma bangon ba zai ɗauke ta ba. Mai shago ya ce ba ya mayar da kuɗi, sai dai in ƙara 200,000 a canza min wata. Dillali kuwa ya ce da irin wannan ƙofar kuɗin haya zai ninka. In ciro daga jari in ƙara?"

Alhaji, kada ka ciro ko sisi tukuna. Kai da ba ka yanka wa mutum yadi biyar sai ka auna a gabansa, ka saki 450,000 babu awo, babu rasit, babu rubutaccen abin da za a sayo. Ban ce yaron ya ci kuɗinka ba. Amma ba ka da hanyar sani, kuma duk ranar da ka matsa masa da tambaya, maganar za ta kai kunnen yayanka ta zama ta zumunci. Yanzu ga shi kana shirin aika wasu kuɗin ta wannan hanyar.

Ka ɗauki birkilan ku je shagon da ƙafarka. Da yawa daga ƙofofin da ake kira na Turkiyya 'yan Sin ne: ƙarfen bai kai milimita ɗaya ba, cikinsa kwali, an yi masa fenti mai kama da katako. Ka ƙwanƙwasa tsakiyarta ka ji ko holoƙo ce, ka sa a cire kubar ka ga kaurin ƙarfen a bakin ramin. Irin wannan a cikin falo ba laifi. A bakin lungu kuwa rana ce za ta ɓare fentin, ruwa ya cinye ta daga ƙasa, musamman in gidan gabas yake kallo, don ta nan hadarin Kano ya fi bugowa.

Birkilanka gaskiya ya faɗa. Tsofaffin gidajen cikin birni ginin ƙasa ne, azara ce a kan ƙofa, filastar siminti ce kawai ta rufe. Firam ɗin ƙofar ƙarfe yana da kunnuwa da ake binnewa a kankare, ƙasa ba ta riƙe su. An sha ganin wanda ya cusa ta haka nan ya liƙe da siminti. Damina ɗaya bangon ya tsage, firam ya karkace, harsunan kubar suka daina shiga raminsu, aka koma ɗaura kwaɗo a kan ƙofar dubu ɗaruruwa. Aikin da ya dace shi ne a tokare rufin soron, a yanke bangon, a tayar da ginshiƙin kankare dama da hagu, kowanne da rodi huɗu mai milimita 12, a ɗora linta, wato kankaren da ke kwanciya a saman ƙofa, ta hau kowane gefe da aƙalla inci 6. Haɗin kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A yi ta ba shi ruwa, kada a taɓa katakon da aka zuba kankaren a ciki sai ya yi mako guda ko fiye. Wajen kafa firam a sa katako a tokare tsakiyarsa kafin a cika shi da siminti, in ba haka ba zai lanƙwaso ciki ƙyauren ya ƙi rufuwa. Kuma wannan aikin rani ne, ba a buɗe bangon ƙasa a watan Agusta.

Ƙofofin kanti yawanci ƙafa 3 ko 4 ne a faɗi, ƙafa 7 a tsawo, tsohon soro kuwa sau da yawa bai kai haka ba. Ana auna faɗi a sama, tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Tsawo kuma daga inda tayil zai tsaya ake auna shi, ba daga tsohon daɓe ba. Ka duba lungun: in ciko ya sa ya fi soron tudu, sai an ɗaga dokin ƙofa, wannan ma zai ci tsawon. A matsattsen lungu ciki ya kamata ta buɗe, kada ta make mai babur.

Zancen dillali kuwa, shi la'adarsa yake hange. Ɗan haya ruwa yake tambaya, da banɗaki, da mita, da ko rufi yana yoyo. A ce ma ƙofar ta ƙara maka 50,000 a shekara: 650,000 sai ta yi shekara 13 kafin ta dawo, ban da kuɗin kankare. Kai ka san sau nawa waɗannan kuɗin suke juyawa a Kwari tsakanin azumi da babbar salla.

In ƙofar mai kyau ce kuma rufin soron zai bari a ɗaga linta, riƙe ta, ka kashe kuɗin a ginshiƙan da ko yaya sai ka yi su. In ta kwali ce, ka sayar ko da faɗuwa kaɗan, ka sa mai walda ya zo ya auna da kansa ya ƙera maka: farantin ƙarfe mai milimita 1.5 ko 2 daga kasuwar Ƙofar Ruwa, hinji uku, kuba da sakata biyu, jan fentin hana tsatsa kafin fenti na ƙarshe, har ƙasan ƙyauren. Ka ba shi rabi kafin alƙalami, sauran sai ƙofa ta rataya ta buɗe ta rufe a gabanka. Awo, kaurin ƙarfe, farashi da ranar kawowa duk a takarda ɗaya, ku sa hannu.

Tunda gidan gado ne, ka buɗe masa littafinsa daban da na shago tun daga wannan 450,000 ɗin. Ka tara magada su ga abin da aka kashe, su sa hannu a kan cewa za ka fara cire kuɗinka daga haya kafin a raba. In ba su yarda a rubuce ba, dakatar da aikin a inda yake.