Ƙudan da ke Cikin Gashin Hasbiya: Ƙuda ne ko Kaska?

Wani mai kiwon tattabaru daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce yara sun kama hasbiya, sai wani ƙwaro mai faɗin jiki ya fito daga gashinta, ya zagaya, ya sake nutsewa. Ƙuda za a kira shi ko kaska? Kuma shin karin maganar nan, "ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu," ta hau kansa?

Malam, ƙuda ne. Kaska idan ta girma ƙafafunta takwas, kuma ba ta da fukafukai. Wannan kuwa ƙafa shida gare shi da fukafukai biyu. Masana suna kiransa Pseudolynchia canariensis, tattabaru da danginsu na daji su ne gidansa. Jikinsa shafaffe ne don ya riƙa sulalewa tsakanin gashi, har da tafiyar gefe yake yi. Namiji da mace duka jini suke sha, saɓanin sauro da macen kaɗai ke cizo. Macen ba ta saka ƙwai; tsutsa ɗaya take renowa a cikinta, sai ta ƙosa ta haife ta. A wurin cizon nan yake ɗaukar ƙwayar cutar jini daga wannan tsuntsu ya kai wa wancan, 'yan shila kuma su suka fi jin jiki.

Kalmar ƙuda a Hausa laima ce mai faɗi. Akwai ƙudan tsando mai cizo, ga ƙudan zuma mai harbi, ga kuma na gida wanda lasa kawai yake yi.

Karin maganar fa, a ganina ba da wannan take ba. Na gida ake nufi, wanda ke bin ƙamshi har ya faɗa cikin ƙoƙon zuma ya kasa fita. Kwaɗayi shi ne rai ya biya wa abin da ba dole ba ne, shi ya sa Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ƙudan hasbiya ba shi da wani abinci sai jini, idan aka raba shi da tsuntsu ba ya daɗewa. Wannan yunwa ce. Ajalinsa kuwa sau da yawa a bakin hasbiyar yake, lokacin da take tsefe gashinta ta cafke shi.