Amsa ga Hajiya a kan garin Woking

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, barka da yamma, ya iyali? Na saurari saƙonki, kin ce 'yarki ta samu aikin jinya a wajen Woking, kina tambaya ko akwai Musulmi a garin, ko za ta samu inda za ta yi sallah. To Hajiya, ki kwantar da hankalinki. In dai don wannan ne, duk faɗin Ingila da wuya a samu ƙaramin gari da Musulunci ya daɗe a cikinsa kamar nan.

Garin yana yankin Surrey, kudu maso yamma da Landan. Daga tashar Waterloo, jirgin ƙasa bai cika rabin awa ba ya kai ki. Jirgin ne ma ya yi garin. Da can fili ne da ƙaramin ƙauye a gefe, wanda yanzu suke ce wa Old Woking, sai aka kawo layin dogo a 1838. Bayan nan maƙabartun Landan suka cika, wani kamfani ya zo ya sayi fili mai yawa, ya buɗe maƙabartar Brookwood a 1854, har da jirgi na musamman mai kawo gawa daga Landan. Ragowar filin da suka sayar, a kansa sabon gari ya tashi.

To ga inda nake so ki saurara da kyau. Akwai wani masanin harsuna, Leitner, haifaffen ƙasar Hangare, ya daɗe yana koyarwa a Lahore. Da ya zo Woking ya buɗe makarantar nazarin ƙasashen gabas, sai ya ga ɗalibansa Musulmi suna bukatar masallaci. Wa ya ba da kuɗin? Mace ce, Hajiya! Sarauniyar Bhopal ta Indiya, Shah Jahan Begum. Aka gina shi a 1889, kuma sunanta yake ɗauke da shi har gobe, Masallacin Shah Jahan. Shi ne na farko a Birtaniya da aka gina tun daga tushe da niyyar masallaci. Wani zai ce ai na Liverpool fa, na Abdullahi Quilliam? E, shi ma tsoho ne, amma gidan zama ne aka mayar.

Ɗan ƙarami ne, sahu kaɗan yake ɗauka, da koren tulluwarsa, kana cikin jirgi kana hango shi. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan, sama da shekara 130 ana sujada a wurin da dukiyarta ta gina. Bayan rasuwar Leitner a 1899 an rufe shi, sai a 1913 wani lauya daga Lahore, Khwaja Kamaluddin, ya sake buɗewa. Gara in faɗa miki da bakina kada ki ji a wani wuri hankalinki ya tashi: shi mutumin ɗan Ahmadiyyar Lahore ne, kuma sun riƙe wurin shekaru da dama. Amma tuntuni ya koma hannun Ahlus Sunna. Yanzu akwai manyan zauruka a harabar, can ake Juma'a da tarawihi da karatun yara, mata ma da nasu ɓangaren.

In ta samu hutu, ta leƙa Brookwood ta yi wa magabata addu'a. Can aka binne Pickthall da Abdullahi Yusuf Ali, masu fassarar Alƙur'ani zuwa Turanci, Quilliam ma yana can. Sannan a dajin Horsell akwai wurin da aka fara binne sojojin Indiya Musulmi da suka rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga baya an mayar da su Brookwood, wurin kuma aka yi masa gyara ya zama lambun tunawa da su a 2015.

Batun zaman yau da kullum kuwa, unguwar Maybury, kusa da masallacin, 'yan asalin Pakistan ne da yawa, akwai mahautan halal da shagunan kayan miya. Ba za ta sha wahalar cefane ba. Hausawa dai kada ta sa ran samunsu da yawa, sai ta shiga Landan.

Abu biyu zan ja mata kunne a kai. Haya akwai tsada ƙwarai, saboda ma'aikatan Landan sun cika garin, suna tafiya da safe su dawo da dare. Kada ta tura wa kowa kuɗin ɗaki sai ta je ta gani da idonta. Na biyu, ƙaramar hukumar garin ta ci bashi ya yi mata katutu wajen gina dogayen benaye a tsakiyar gari, har a 2023 ta bayyana cewa asusunta ya karye, shi ya sa harajin gida ya ƙaru. Ta sa wannan a lissafinta tun kafin ta sa hannu a takardar haya.

Ki turo min ranar da za ta sauka, Hajiya, sai in haɗa ta da maiɗakina su yi magana. A gaida Alhaji. Sai an jima.