Ƙarin ya ɓace bayan gashi: a yi tiyata ko a jira?

Tambaya: Mahaifina yana fama da ciwon daji na dubura. An yi masa gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, da shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a Yamai, yanzu likitoci sun ce ba su ga ƙarin ba, sun ba shi zaɓi tsakanin tiyata da jira ana sa ido. Shi kuwa jakar bayan gida da ake maƙala wa mutum a ciki bayan tiyata yake tsoro, saboda salla. A Tawa muke zaune. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Jiran nan hanya ce da likitoci suka sani, wadda likitar tiyata Angelita Habr-Gama ta São Paulo a Brazil ta fito da sakamakonta a 2004. Sharaɗinta shi ne a tabbatar ƙarin ya tafi gaba ɗaya ta hanyoyi uku: likita ya taɓa da yatsa bai ji komai ba, kyamarar da ake zurawa ta nuna farin tabo shimfiɗaɗɗe ba gyambo, hoton IRM, wato na'urar maganaɗisu mai nuna cikin jiki, kuma ya goyi bayansu. Idan ɗaya ya saɓa, tiyata ta fi.

Sai dai ɓacewa daga ido ba ta tabbatar da warkewa. A wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018 kan marasa lafiya 880, ƙarin ya dawo wa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a shekara biyu, kuma galibi a jikin hanjin ya sake tsirowa, inda yatsa da kyamara ke iya kama shi. Wanda aka gano nasa da wuri, yawanci tiyata tana yiwuwa har a lokacin.

Nan ne zamanku a Tawa ya shigo, kuma shi ya fi damuna. Mai jira sai an duba shi kowane wata uku ko huɗu a shekara biyun farko, har da IRM a kai a kai, alhali tsakaninku da Yamai ya haura kilomita 500. Ku zauna a gida ku lissafa kuɗin mota, masauki da hoto, ku kuma san wanda zai riƙa raka shi ko da damina ta kama aikin gona. Idan kun san ranar likita za ta riƙa wucewa, ni dai tiyata zan ba ku shawara, domin ƙarin da ya dawo ba a gani ba yana iya bazuwa zuwa hanta ko huhu.

Batun jaka kuwa, ku tambayi likitan tiyata ko ta dindindin ce, don hakan ya danganta da kusancin ƙarin da bakin dubura, wasu ma ta ƴan watanni ake sa musu. Hukuncin mai lalura sananne ne a fiƙihu, kuma masu jaka suna salla. A kai Baba wurin malamin da ya yarda da shi kafin ya yanke shawara. In ya zaɓi jira, ku karɓi ranakun dubawa a rubuce, kuma ganin jini ko sauyin bayan gida ya sa ku koma asibiti ba tare da jiran ranar ba.