Hukuncin Sautin Baki da Kwamfuta Ta Mayar da Shi Kiɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Sana'ata haɗa bidiyo. Don gudun kiɗa nake sa sautin da aka yi da baki kawai, amma kwamfuta ta sarrafa shi har ka rantse ganga ce da jita. Wani lokaci kuma ƙarar ruwan sama nake sawa, ko kukan tsuntsaye. Ina iyakar kiɗa take a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ruwan sama, tsuntsaye, iska da ƙarar teku duk halal ne, sa abinka. Haka "ƙit" ɗin da waya ke yi idan saƙo ya shigo, sanarwa ce kawai.

Inda maganar take shi ne sautin bakin nan. Jumhurin malamai, har da mazhabobi huɗu, sun hana kayan kiɗa, sai dai mandiri a biki da idi. Hujjarsu hadisin Bukhari cewa za a sami wasu daga wannan al'umma suna halatta zina, alhariri, giya da "ma'azif", wato kayan kiɗa, da kuma rantsuwar Ibn Mas'ud cewa "lahwal hadis", wato zance mai shagaltarwa, a aya ta 6 ta Suratu Luƙman waƙa ce. Ibn Hazm, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya raunana hadisin ya halatta kiɗa, amma Ibn Salah da Ibn Hajar sun nuna isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, haɗe yake.

Malaman zamani sun rabu kan naka. Wasu suka ce nassi kayan kiɗa ya ambata, murya kuwa asalinta halal ce, tunda Anjasha yana rera wa raƙuma waƙa a ayarin Annabi (SAW). Wasu suka ce hukunci yana bin haƙiƙar abu, ba sunansa ba, kuma a nan hankalina ya fi kwanciya. Ban ga an hana garaya don icce da tsirkiyarta ba. Abin da ke shiga kunne ya taɓa zuciya shi ne abin dubawa. Muryar da aka yanka gunduwa-gunduwa, aka jera bisa madannai ana buga ta da yatsu, ai ta zama kayan kiɗa, sai dai da maƙogwaron mutum aka ƙera ta. Ni kaina an taɓa kunna min irinsa, sai da aka ce "baki ne, Malam" sannan na sani.

Don haka gwada ta wannan hanya: kunna wa wanda bai san yadda aka yi ba. In ya ce murya ce, ko da an gyara ta ko an yi mata amshi, babu laifi muddin kalmomin masu tsabta ne. In ya ce kiɗa ne, ka bar shi. Wanda ya bi ɗaya fatawar bisa ilimi kada ka fasiƙantar da shi, mas'ala ce ta ijtihadi.

Sauran abu guda, ƙarfin sauti. Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hana su cutar da juna, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Alƙur'ani ne fa suke karantawa. Masana ji sun ce sautin da ya kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti yana lahanta kunne in aka yi awa 8 ana jin sa kullum, to ka rage na bidiyonka, musamman saboda masu sa abin ji a kunne.

Wallahu a'alam.