Tambayoyi Da Amsoshin Lafiya: Shin Zuzuta Korona Aka Yi?

Tambaya: Likita, korona da mura ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne. Alamominsu sukan yi kama, amma ƙwayoyin cutar daban suke, kuma gwaji ne kaɗai yake rarrabe su.

Tambaya: Ni ban taɓa ganin wanda korona ta kashe ba, ina ganin 'yan jarida ne suka kambama ta. Yanzu mahaifina mai shekara 70, wanda yake da ciwon sukari, ya kwana huɗu yana tari da zazzaɓi, kuma yana haki idan ya miƙe. Ba mura ce kawai ba?

Amsa: Malam, ka fara kai Baba asibiti yau, sannan ka dawo mu yi muhawara. Haki ga dattijo mai ciwon sukari ba abin jira ba ne, ko korona ce ko ba ita ba, domin iskar oksijin tana iya raguwa a jininsa ƙwarai alhali yana zaune yana hira da ku.

Game da 'yan jarida, na yarda cewa wasu kafafe sun riƙa nanata adadin mamata ba tare da sun bayyana cewa mafi yawan masu kamuwa suna warkewa ba, abin da ya tsorata wasu, ya kuma sa wasu suka daina yarda gaba ɗaya. Sai dai masana suna da lissafin da bai dogara da rahoton kowa ba: a ƙirga dukkan waɗanda suka rasu a shekara, a kwatanta da abin da aka saba gani a shekarun baya. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wannan lissafi, ta ƙiyasta ƙarin mamata kusan miliyan 14.9 a 2020 da 2021, kusan ninki uku na abin da ƙasashe suka sanar. Ke nan rahotannin gazawa suka yi. Motocin sojan da suka yi jigilar akwatunan gawa daga birnin Bergamo na Italiya a watan Maris na 2020 ma ba jarida ce ta ƙirƙiro su ba.

Dalilin da ya sa ba ka gani ba shi ne cutar ta fi kashe tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini, kuma idan ba a yi gwaji ba sai a ce tsufa ne ko tsohon ciwonsa ne ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana kan korona a watan Mayu na 2023, amma ƙwayar cutar tana nan. Ina sake roƙonka, kada Baba ya ƙara kwana a gida.

Tambaya: An ce in sha klorokwin tare da maganin antibayotik don kariya. Ya dace?

Amsa: Wannan magana ta ishe ni! Manyan gwaje-gwajen da aka yi a 2020 sun nuna magungunan dangin klorokwin ba sa warkar da korona, kuma yawan shansu yana rikita bugun zuciya. Antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos, wato irin ƙwayar cutar da take haddasa korona. A Iran ɗaruruwan mutane sun mutu bayan sun sha gubar metanol da sunan maganin korona. Wanda ya riga ya sha klorokwin, ya ji zuciyarsa tana dukan uku-uku ko jiri, ya garzaya asibiti.

Tambaya: Na yi rigakafi amma na kamu, mene ne amfaninsa?

Amsa: Babban aikinsa shi ne hana ciwon tsananta har ya kwantar da ke. Idan numfashi ya yi miki nauyi, Malama, ki ga likita.